Wace libarba ce ta fi dacewa da ɗan sanda kafin zuwan fistol mai magazin?

Auwal Fagge:
Salamu alaikum 'yan zaure. Jiya a majalisarmu aka tayar da maganar bindigogin 'yan sandan da, masu gangar nan da ke juyawa, harsashi shida, waɗanda tsofaffi ke kira libarba. Na ce duk cikinsu babu kamar Colt Python, sai aka yi mini ca. To ga shi na kawo gaban masana. Kafin fistol mai magazin ta kore su, wacce ce ta fi a hannun ɗan sanda? Ni dai ina nan a kan bakana.

Mai kula da zaure:
Wa alaikumus salam. A yi, amma tarihi muke yi. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da mutum ba ya mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa. Wanda ya tambayi farashi ko inda ake samu, zan fitar da shi ba tare da gargaɗi ba.

Sani Shikago:
Auwal, fim ne ya cuce ka. Python kyakkyawa ce, babu musu. A 1955 ta fito, da hannu ake daidaita kayan cikinta, shuɗinta kamar madubi. Amma tambayarka ta ɗan sanda ce, kuma bindigar ɗan sanda ba ta mutum ɗaya ba ce. Hukuma ce za ta sayi dubbai, ta raba wa ƙato da siriri, da gwanin harbi da wanda ba ya taɓa kunama sai ranar gwaji. Idan da wannan ma'aunin za a auna, amsa ɗaya ce: Smith & Wesson Military & Police, wadda aka sauya wa suna zuwa Model 10 a 1957. Tun 1899 ake ƙera ta, an yi sama da miliyan shida. Harsashinta .38 Special, tsawon baki inci huɗu a yawanci, nauyi kusan kilo ɗaya. Saitinta ba ya motsi, tsagi ne kawai a jikin ƙarfen, saboda haka ko ka buga ta da ƙofar mota ba abin da zai goce. 'Yan sandan New York sun yi shekaru gommai da ita, na Hong Kong ma haka. Python dokin sukuwa ce, Model 10 kuwa jakin da ke kai kaya kasuwa kullum.

Auwal Fagge:
Yaya Sani, yawa ai ba shi ne kyau ba. Araha ce ta sa aka saye ta da yawa. Kuma ai akwai 'yan sandan da aka raba wa Python.

Sani Shikago:
Akwai, ban musa ba. Masu sintirin manyan hanyoyi na jihohin Colorado da Florida sun riƙe ta. Amma ƙidaya su ka gani. Matsalar Colt ɗin wancan zamanin, in an daɗe ana harbi sai gangar ta daina tsayawa daidai saitin baki a kan lokaci, kuma gyaran sai gwani na gaske. Smith kuwa mai kula da ɗakin makamai da aka ba horo na ɗan lokaci zai iya kwance ta ya sauya abin da ya ci. Kafin yaƙin duniya na biyu Colt ce ke riƙe da kasuwar 'yan sandan Amurka, da Official Police ɗinta ta 1927 da Police Positive. Bayan yaƙi Smith ta ƙwace kasuwar a hankali, har Colt ta daina Official Police a 1969.

Baba Sufeto mai ritaya:
Yara, ina karanta ku ina murmushi. Duk kun tafi Amurka kun bar wadda muka gani da idonmu. Lokacin da na shiga aiki, kurtu ba ya ganin libarba sai a ƙugun manya. Namu doguwar bindiga ce da kulki. 'Yan doka na En'e da suka riga mu ma kulkin ne abin aikinsu. Libarba ta hafsa ce, da igiyarta da ake ratayawa a wuya ko kafaɗa don kada a fizge.

Wadda na fara riƙewa Webley ce ta Ingila, ƙirar Birmingham, mai harsashi .38. Ba a buɗe ta ta gefe kamar waɗanda kuke faɗa. Akwai ɗan maɓalli a hagu kusa da babban yatsa, in ka danna sai ta karye biyu kamar an naɗe wuƙar aljihu, baki ya yi ƙasa, wani tauraro ya taso daga tsakiyar ganga ya watso ƙwanso shida gaba ɗaya. Ranar farko da na yi haka a filin harbi ƙwanso ɗaya mai zafi ya faɗa mini cikin hannun riga, na yi rawar da ban shirya ba, sajan yana ta dariya.

Abin da ba zan manta ba shi ne wata rana da aka kawo mana harsasai da suka daɗe a ajiya, wasu har sun yi kore a gindi. Na ja kunama, ƙas, shiru. Sajan ya ce in riƙe ta tana kallon gaba in ɗan jira, sannan in sake ja. Na sake ja, ganga ta juya, na gaba ya tashi. Wanda ke gefena da fistol mai magazin, da tasa ta yi ƙas sai da ya sa hannu biyu ya ja ta baya ya fitar da mataccen. Tun daga ranar na san abin da ya sa hukumomi suka daɗe ba su rabu da libarba ba.

Auwal Fagge:
Allah ya ƙara lafiya Baba. To ku a ganinku Webley ce ta ɗaya ke nan?

Baba Sufeto mai ritaya:
A'a ɗana, ban ce ba. So daban, gaskiya daban. Wurin da take karyewa nan ne rauninta, ba ta ɗaukar harsashi mai ƙarfi, kuma in ta tsufa sai ka ji tana ɗan girgiɗi a mahaɗar. Harsashin nata ma sanyi gare shi. Na dai kawo ta ne don kada a yi hirar 'yan sanda a manta da ita. Webley tun 1868 ta yi wa 'yan sandan Ayalan libarba ta musamman, kafin a haifi duk waɗannan da kuke yabo.

Sani Shikago:
Gaskiya ne Baba. In ƙara a kan naku, .38 ɗin Ingila da .38 Special na Amurka suna ne kawai ya haɗa su. Na Ingila gajere ne, ya ɗan fi kauri, ba a musanya su. Abin dariyar, a yaƙin duniya na biyu da libarba ta yi wa Ingila ƙaranci, Smith & Wesson ce ta yi musu wannan Military & Police ɗin da harsashinsu. Ka ga jakin nawa har can ya kai kaya.

Issoufou Damagaram:
Ku 'yan Najeriya ba ku san kowa ba sai Ingilishi da Amerika. Ina kuka bar Manurhin MR 73? A Mulhouse ta Faransa aka yi ta a 1973, .357 Magnum, kuma an yi ta ne don mutanen da ke harbi kullum da harsashi mai cikakken ƙarfi, irin jandarmomin GIGN, rundunar musamman ta Faransa. Su ne a Marseille, a Disambar 1994, suka kutsa jirgin Air France da aka yi garkuwa da shi, kuma akwai wannan libarba a hannunsu ranar, alhali fistol mai magazin ta cika duniya. Ba rashin kuɗi ya sa suka riƙe ta ba, zaɓi ne. In ƙarko ake nema da saiti, babu ta biyunta. Python ɗin Auwal in aka yi mata aikin da ake yi wa MR 73, sai an kai ta asibiti.

Auwal Fagge:
Haba Malam Issoufou, har da gori?

Sani Shikago:
Issoufou, a ingancin ƙira na sallama maka, ko a nan Amurka masu tara bindigogi suna cire mata hula. Amma kai ma ka faɗa ramin da Auwal ya faɗa. GIGN mutum nawa ne? Zaɓaɓɓu ne. Ita kanta Faransa da ta zo raba wa 'yan sanda na gama-gari, tsadar MR 73 ta sa Manurhin ta koma yin wata mai sauƙi bisa tsarin Ruger na Amurka. Ka tambayi kanka dalili.

Issoufou Damagaram:
Dalili kuɗi ne, ba aibi ba. Tambayar Auwal wacce ta fi, ba wacce ta fi araha ba.

Sani Shikago:
Wacce ta fi a hannun ɗan sanda, ya ce. Koma ka karanta.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in katse ku, ni ba masaniya ba ce, karatu nake. Ina jin kuna ta .38 da .357. In .357 ta fi ƙarfi, me zai hana kowa ya ɗauke ta a huta? Kuma a lissafi ai 38 ta fi 357 girma in da ɗigo a gaba.

Injiniya Bala:
Hajiya, tambayarki ita ce gindin maganar. Kaurin dalmar duka biyun ɗaya ne, inci 0.357. Sunan .38 tsohon suna ne da ya samo asali daga awon ƙwanso. Da aka fito da .357 Magnum a 1935 sai aka ƙara wa ƙwanson tsawo da kamar milimita uku, don kada wani ya cusa shi a tsohuwar .38 ta fashe masa a hannu. Shi ya sa libarbar .357 tana cin .38, amma ta .38 ba ta cin .357.

To ga inda gizo ke saƙa. Magnum na farko da Smith ta yi manya ne, masu nauyi. A 1954 suka fitar da Highway Patrolman, wadda ta zama Model 28, ba ado, don 'yan sanda. Ƙarko kamar turmi, amma ka rataya ta a ƙugu awa takwas ka ji yadda bayanka zai yi. Sai wani jami'in tsaron iyakar Amurka, Bill Jordan, ya ba kamfanin shawara a sa .357 a matsakaicin jiki irin na Military & Police. Aka yi Combat Magnum a 1955, ita ce Model 19. Ni a wurina ita ce ta ɗaya: nauyin da za ka iya yini da shi, saitin da ake daidaitawa, ƙarfi in ana bukata.

Sani Shikago:
Injiniya, faɗi sauran mana. Kada ka tsaya a inda ya yi maka daɗi.

Injiniya Bala:
Ina zuwa ai. Aibinta sananne ne. An tsara ta ne a kan a riƙa atisaye da .38, a ɗauki .357 ranar aiki. Da aka shiga shekarun 1970 aka koma harsashi mai ƙaramar dalma da gudu sosai, kuma aka ce a riƙa atisaye da abin da ake ɗauka, sai gindin bakin bindigar, inda dalma ke shiga daga ganga, ya fara tsagewa a wasu. Wurin daga ƙasa an ɗan shafe shi don ganga ta samu rufuwa, nan ne ƙarfen ya fi siranta. Wannan ne ya sa Smith ta fito da 586 da 686 a farkon shekarun 1980, jiki ya ɗan fi kauri. In da za a ce wacce ce ta fi cika ta kowane gefe, 686 ce, ga ta da ƙarfen da ba ya tsatsa. Sai dai ta zo da yamma, kasuwa na watsewa.

Maman Ilham:
Na gane. To mai ƙaramin hannu fa? Na ga hotunan, mariƙin wasu kamar taɓarya.

Injiniya Bala:
Wannan ma babbar magana ce da maza ba sa son yi. Jan kunamar libarba ba tare da an ɗaga guduma ba yana kai kilo biyar, kuma yatsa ɗaya ke wannan aikin, shi ke juya ganga, shi ke ɗaga guduma. In yatsanka bai kai ba sai ka karkata hannu, harbi ya goce. Matsakaicin jikin Smith mai zagayayyen mariƙi ya fi shiga hannun yawancin mutane. FBI ma da ta zaɓi libarbarta a farkon shekarun 1980, Model 13 ta ɗauka, baki inci uku, zagayayyen mariƙi, saiti mara motsi. In ka duba da kyau, Model 10 ce aka ba ta ikon cin .357.

Sani Shikago:
Na gode Injiniya, ka gama mini aikina.

Injiniya Bala:
Ban gama maka ba. Harsashin da aka daɗe ana ba 'yan sanda da Model 10, dalma mai zagayayyen kai, ya yi ƙaurin suna wajen ratsa mutum ya wuce bai tsayar da shi ba. Sai a shekarun 1970 da aka kawo mai rami a kai da ƙarin albarushi abin ya gyaru. Shekara nawa ke nan ana tura mutane aiki da abin da bai isa ba?

Sani Shikago:
Laifin harsashi ne wannan, da na masu sayen sa.

Garba Mai Walda:
Tun ɗazu nake jira wani ya ambaci Ruger da kanta, ba a matsayin wadda Faransa ta kwaikwaya ba. Security-Six ta 1972 da 'yan uwanta Service-Six da Speed-Six. Ni aikin ƙarfe nake, abin da ya burge ni shi ne jikinta ba shi da murfin gefe. Smith da Colt duka suna da faranti a gefe da ake kwancewa da sukurori, wato an yanke gefe ɗaya na jikin. Ruger kuwa jiki guda ne, kayan kunama ta ƙasa suke fita a dunƙule. Ba ta da santsin Smith, ba ta da kyan Colt, amma ba girin-girin ba, ta yi mai.

Auwal Fagge:
Wato kowa da gwaninsa. Ni kaɗai aka taru a kaina.

Baba Sufeto mai ritaya:
Ba a taru a kanka ba ɗana. Ka tambayi Sani abin da ya kashe libarba, a nan za ka ga duk gardamarku ta sunan kamfani ƙarama ce.

Sani Shikago:
To Baba. Abu biyu ake yawan kawowa. Na farko Newhall, a California, Afrilun 1970. 'Yan sandan sintirin hanya huɗu aka kashe cikin ƙasa da minti biyar, dukkansu matasa, ba wanda ya kai shekara biyu a aiki. Ɗaya daga cikinsu, James Pence, an harbe shi yana durƙushe yana zura harsashi ɗaya bayan ɗaya a ganga. A lokacin a 'yar jaka ake zuba harsasai a bel, ka buɗe su zubo a tafin hannu, ka tsinta da yatsu suna rawa. Bayan wannan ne aka sauya horo, kuma ɗan abin nan mai riƙe harsashi shida a da'ira, ka zura su gaba ɗaya ka murɗa, ya yaɗu.

Na biyu Miami, 11 ga Afrilun 1986. Jami'an FBI takwas da 'yan fashin banki biyu. An kashe jami'ai biyu, an raunata biyar. Ɗaya daga cikin jami'an, Gordon McNeill, ya harbe shidansa daga Model 19, an harbe shi a hannu, jini ya cika gangar ya kasa sake lodawa. Ɗaya daga cikin 'yan fashin kuwa doguwar bindiga mai magazin gare shi.

Injiniya Bala:
Amma a faɗi ɗaya gefen. Harsashin da aka fi zargi a Miami na fistol ne mai milimita 9, wanda ya shiga jikin ɗan fashin ya tsaya dab da zuciya. Kuma wanda ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, hannunsa ɗaya a ragargaje, da libarba ya tako ya gama da su. Mutane suna ba da labarin kamar libarba ce kaɗai ta gaza ranar.

Sani Shikago:
Haka ne. Sai dai lokaci ya riga ya yi. Sojan Amurka sun koma fistol ɗin Beretta a 1985, Glock ta shigo da harsashi 17 a magazin ɗaya. Wa zai ce wa ɗan sanda ya tsaya a shida? New York ta fara komawa milimita 9 a wajen 1993, amma ta bar tsofaffi da libarbarsu, sai a 2018 aka ce kowa ya ajiye.

Issoufou Damagaram:
Ku lura kuma, wannan zamanin da kuke cewa kafin fistol, na Amerika ne da ƙasashen Ingilishi. Jamus tun 1929 Walther ta yi PP, sunan ma fistol ɗin 'yan sanda yake nufi. Faransa kanta daga fistol ta koma libarba a shekarun 1970, sannan ta sake komawa fistol da ta kamfanin SIG a 2003.

Maman Ilham:
Ikon Allah. To yau akwai inda ake riƙe ta har yanzu?

Injiniya Bala:
Japan. New Nambu M60 tasu ta 1960 harsashi biyar take ci, .38 Special, kuma da suka zo sauya ta wasu ƙananan libarbobin Smith masu biyar suka saya. Ƙasar da ɗan sanda zai yi ritaya bai harbi kowa ba, biyar ma ta yi yawa.

Auwal Fagge:
To ni dai na sauko daga Python a matsayin ta raba wa kowa. Amma in ni ne ɗan sandan kuma aka ce in saya da kuɗina, ita zan saya.

Sani Shikago:
Da albashin kurtu? Sai ka yi wata nawa kana shan gari.

Garba Mai Walda:
Injiniya, wani abu ya tsaya mini. Gaskiya ne gangar Colt da ta Smith ba gefe ɗaya suke juyawa ba?

Injiniya Bala:
Gaskiya ne Malam Garba. In kana bayanta, ta Colt tana bin hannun agogo, ta Smith tana saɓa masa. Maɓallin buɗewa ma haka, na Colt baya ake ja, na Smith gaba ake turawa, na Ruger ciki ake dannawa. Wanda ya saba da ɗaya aka miƙa masa ɗaya cikin duhu, sai ya yi ta lalube.

Baba Sufeto mai ritaya:
Webley kuwa ƙasa ake dannawa ta karye. An kira la'asar a nan, na tafi. Auwal, in na dawo ka tuna mini in ba ku labarin igiyar wuyan nan da ranar da ta maƙale a ƙofar Land Rover.